Cokalin da Na Tsoma a Tukunyar Alawa

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina sayar da shayi a bakin kasuwar shanu ta Potiskum. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo da na yi a unguwarmu ta Bolewa, don haka wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa ya yi haƙuri da tsarinta. Laifina zan faɗa. Wadda ta fi cancanta ta ji shi tana kabari, shekara guda ke nan da 'yan watanni.

Mai ɗakina gwanar alawa ce, farar nan ta gara wadda ake ja a jikin ƙusa har ta yi fari tas tana ƙyalli. Ni da hannuna na kafa mata ƙusar a ginshiƙin rumfar madafa, har yau tana nan. Sukari take zubawa da ruwa da ɗan lemon tsami, ta juya har ya narke, daga nan ta ajiye ludayi ba ta sake juyawa. Sai ta riƙe jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta tana bin gefen tukunya, duk ƙwayar sukarin da ta maƙale ta goge ta. Idan ya yi kauri ta ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ta gani, sannan ta sauke ta bar shi ya lafa kafin ta juye a tiren da ta shafa wa man gyaɗa. A wannan ɗan tsakanin ba ta yarda kowa ya matso kusa. Takan ce ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata mata aikin yini guda. Na ji wannan magana ya fi sau ɗari, amma a tsirfar mata nake ɗaukarta.

Yayarta ce ta koya mata sana'ar. Yaya tana aure a Gadaka, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Da muka haifi 'yarmu ta fari, ana yaye ta aka kai wa Yaya riƙo, kamar yadda aka saba. A hannunta yarinyar ta tashi, ita ta yi mata kitson fari, ita ta sha jinyar ƙyandarta. Sai da ta isa shiga sakandare ta dawo wurinmu. Da aurenta ya tashi, Yaya ta so a yi bikin a Gadaka a ɗakinta. Na ce a'a, a gidan uba ake aurar da 'ya. Ba ta ja ba. Saura mako guda ta iso da buhun gero da kwanon man shanu, ta ɗaura zani ta shiga aiki tare da ƙanwarta.

Ranar Laraba ce, ranar kasuwa, ɗaurin aure kuma Asabar. Tun asuba nake tsaye kan tebur. Da la'asar ta yi na rufe tukunyar shayi na taho gida in canja riga, don zan je gayyatar wasu dattawa. Ina da wani ƙaramin cokali da nake ɗibar sukari da shi. Kullum a jiƙe yake da tururi, sukari ya daskare a jikinsa har ya yi ɓawo, kuma in zan tashi aljihun gaba nake jefa shi don kada a ɗauke.

Na yi sallama ban ji amsa ba. Matan unguwa da suka zo taya aiki duk sun shiga ɗakuna salla. Tsakar gida ba kowa sai kayan gara a jere, nakiya da dubulan da alkaki an rufe da tire. A gefen murhu ga babbar tukunyar alawa an sauke, ta daina tafasa. Na leƙa. Ruwan ya kwanta garau, launin zuma mara duhu, har ana hango gindin tukunya. Ƙamshin ya cika rumfar. Ni mutum ne mai kwaɗayin zaƙi, ban taɓa ɓoyewa ba. Na waiga hagu da dama, na zaro cokalin nan, na tsoma ta gefe, har na ɗan kankari jikin tukunya wajen fito da shi.

Ina hura cokalin idona yana kan tukunya, shi ya sa na ga yadda abin ya fara. A daidai inda cokali ya shiga wani ɗan hazo ya bayyana, bai kai ƙwayar gero ba, kamar an ɗiga madara a baƙin shayi. Na ɗauka kumfa ce. Sai na ga bai fashe ba, yana faɗi. Ya bi layin da na kankara ya yi fari, daga nan ya soma miƙa 'yan yatsu zuwa tsakiya, a hankali, ba ƙara ba motsi. Ya kai girman tafin hannu ina tsaye ina kallo. Na kai cokalin baki don tsabar ruɗewa, ya ƙona mini harshe. Na jefa shi aljihu na shige ɗakina.

Ban gama cire riga ba na ji salatin mai ɗakina. Na mayar da rigar na fito. Mata sun kewaye tukunya. Abin da ke garau ɗazu ya koma fari-fari, ƙwaya-ƙwaya, kamar jiƙaƙƙen yashi.

Mai ɗakina ta juyo ta ce, "Malam, da ka shigo ka ga wani a wurin nan? Wani ya taɓa tukunyar nan?"

Mata shida ne a tsaye, da Yaya bakwai, duk suna kallona. Ni uban amarya, da furfura a gemu, in ce na saci lasar alawa kamar ɗan yaye? Na ce, "Wa zai taɓa? Wallahi ba wanda ya taɓa."

Ta ce, "To ni ban gane ba. Na goge gefe, na sa lemon tsami, ban juya ba. Shekara nawa ina yin abin nan?"

Sai wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai yawan magana, ta gyara mayafi ta ce, "Uhm. Ni dai ɗazu na ji an yaba tukunya, ban ji an ce tubarkalla ba."

Kowa ya san wa take nufi. Kafin su shiga salla Yaya ta leƙa tukunyar ta ce rabon da ta ga alawa ta yi kyau haka tun tana budurwa. Da na buɗe baki a lokacin, da an yi mini dariya an wuce.

Mai ɗakina ta ce a hankali, "Yaya, ai da kin ce masha Allah."

Yaya ta ce, "Ni kike gaya wa haka? Ni da na riƙe hannunki na koya miki jan alawa?"

"Ban ce da gangan kika yi ba."

"To me kika ce?"

Wata ta ce a yi haƙuri, baki ba sai da niyya yake kamawa ba. Wata kuma ta ce ai dole mutum ya ji wani abu a ransa, ya raini 'ya a zo a yi biki a wani gida. Mai ɗakina ta gaji, kwana uku ba ta huta ba, ido ya yi mata ja. Ta ce, "Gaskiya ce ai. Tun da aka ce a nan za a yi ranki bai so ba, Yaya. Ki faɗa mana kowa ya huta."

Yaya ta juyo. Ni ta kalla. Ta daɗe tana kallona, ba fuskata ba, ƙirjina. Na sunkuyar da kai na ce ina da gayyata, na fita.

An ƙara ruwa an sake dafa sukarin, amma hankalin mai ɗakina ba ya jikinta, wuta ta yi yawa, alawar ta fito ja da ɗan ɗaci-ɗaci. Haka aka kai ta a garar, ba wanda ya mutu don ya ci. Asarar ba ta sukari ba ce. Washegarin rigimar, ranar Alhamis da safe, Yaya ta ɗaure kayanta. Amarya ta riƙe mata zani tana kuka tana cewa, "Inna, don Allah ki tsaya," Yaya ta zare hannunta ta ce mata Allah ya ba da zaman lafiya. Ni na ɗauki jakarta na raka ta tasha. Muka zauna a benci fiye da rabin awa ana jiran mota ta cika. Sau biyu ta juyo kamar mai jiran in yi magana. Na yi mata zancen tsadar man fetur da lalacewar hanya. Mota ta cika, ta shiga. Aka yi biki babu ita. Harshena bai warke ba sai bayan kwana biyar, duk abincin bikin da zafi na haɗiye shi.

Na yi niyyar faɗa wa mai ɗakina bayan an watse. Da aka watse na ce sai ta huce. Da ta huce na ga maganar ta riga ta zagaya dangi, har an fara tuno wasu abubuwa ana jingina wa Yaya: akuyar da ta taɓa yabawa ta yi ɓari, jaririn da ta ɗauka ya kwana da zazzaɓi. Kowace rana faɗar gaskiya tana ƙara nauyi. Yanzu ba lasar alawa kaɗai zan amsa ba, har da rantsuwar ƙarya da raba 'yan uwa. Sai na bari. In an haɗu a wurin rasuwa ko suna su gaisa kamar baƙi, kowacce ta nemi tabarmarta. Shekara shida aka yi a haka.

A cikin shekarun nan na yi ta lallashin kaina cewa wataƙila ba cokalina ba ne. Cokali ɗan mitsitsi, tukunya kuwa ta ci rabin buhu. Wataƙila dai bakin ne, ni na zo a kan gaɓa. Akwai wani malamin kimiyya na sakandare da ke shan shayi a teburina duk safiya. Wata rana ba mutane sosai na ce masa, "Malam, wani abokina ne yake tambaya. Wai ƙwayar sukari ɗaya za ta iya ɓata tukunyar alawa guda?"

Ya yi dariya ya ce, "Mai shayi, kai da ka fi kowa sanin sukari a garin nan? Kai da kake ƙirga mana ƙwaya kafin ka zuba a kofi?"

Na ce, "Wanda ke shan kofi ɗaya ya zauna awa biyu ai bai kamata ya yi ƙorafi ba. Ka dai amsa mini."

Ya ajiye burodinsa ya ce idan ruwa yana da zafi yakan narkar da sukari fiye da abin da zai iya riƙewa in ya huce. Da an sauke tukunya, sukarin da ke ciki neman hanyar komawa ƙwaya yake yi. Ya ce a cikin ruwan nan da ake gani garau, 'yan ƙananan ɓurɓushin da ido ba ya gani suna ta karo da juna. Biyu su haɗu su rabu, biyar su haɗu su watse. Muddin taron bai kai wani girma ba, ba ya tsayawa. Shi ya sa tukunya mai tsabta da ba a girgiza ba take iya daɗewa lafiya har a juye ta.

Ya nuna mini ƙofar kasuwa da haɓa. "Ka ga dillalin can da mai bijimi suna musu? Mutum biyu za su tsaya kallo, su ga ba komai, su wuce. Amma bari mutum goma su tsaya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙa, kafin ka ankara hanya ta toshe. To ƙwayar da ta shigo daga waje taro ce da aka riga aka haɗa. Sauran ba sai sun sha wahalar farawa ba, layi kawai za su bi a bayanta. Ko kankarar jikin tukunya ma takan ba su wurin tsayawa."

Na ce, "To kambun baka fa?"

Ya ce, "Baki gaskiya ne, ban musa ba, amma ba shi nake koyarwa ba. Ka ce wa abokin naka kafin ya nemi baki ya fara duba cokali."

Na juya ina ɗauraye kofuna don kada ya ga fuskata. Daga ranar ba ni da sauran wurin ɓuya, amma duk da haka ban faɗa ba.

Ciwon ƙoda ne ya kama mai ɗakina. Wata takwas muna zirga-zirgar asibiti, ƙafafu suka kumbura, hannun da ke jan alawa ya koma ba ya iya riƙe kofi. Wata rana da hantsi na fito da ita inuwar rumfa, ina ba ta kunu a cokali. Ta kalli ƙusar nan a jikin ginshiƙi ta ce, "Malam, ka san wani abu? Na yafe wa Yaya. Ba da gangan ta yi ba, rashin haihuwa ciwo ne. In na tafi ka gaya mata na yafe."

Allah ya buɗe mini ƙofa a wannan hantsi, ba kowa a gidan sai ni da ita. Na dubi fuskarta ta rame, na ce a raina in na faɗa yanzu da me za ta tafi? Haka na gaya wa kaina, wai tausayinta nake ji. Ƙarya ce. Tsoro nake kada kallon ƙarshe da za ta yi mini ya zama na wanda ya cuce ta. Na ce, "Allah ya ba ki lada." Na ci gaba da ba ta kunu.

Kwana tara bayan nan ta rasu. An aika Gadaka, amma kafin Yaya ta iso an riga an kai ta makwancinta. Ta zauna cikin mata kwana uku, ba ta yi mini magana ba sai ta'aziyya.

Bayan arba'in na shiga mota na tafi Gadaka. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta tsufa ƙwarai. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ta kawo ruwa. Na kasa sha. Na ce, "Yaya, saƙo na kawo, da kuma magana. Ƙanwarki ta ce in gaya miki ta yafe miki."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta ce, "Ta yafe mini."

Na ce, "Maganar kuma ita ce, ba abin da kika yi. Ni ne na tsoma cokali a tukunyar nan."

Ta ce, "Na sani, Malam."

Na ɗago kai.

Ta ce, "Ni na koya mata aikin, ba zan gane ba? Farin daga gefe guda ya taso, ga layin kankara a jikin tukunya. Na duba na ga wutsiyar cokali a aljihunka, gaban rigar ya jiƙe ya manne, har ƙuda na bi."

"To me ya hana ki faɗa, Yaya?"

"Ka riga ka ce wallahi a gaban matan unguwa. In tashi in mayar da mijin ƙanwata maƙaryaci, saura kwana uku ya aurar da 'ya? Na ce a raina ai zai gaya mata in sun shiga ɗaki. Da ka raka ni tasha na ce yanzu zai faɗa, mu koma gida tare. Ka yi mini zancen man fetur." Ta ture farantin wake gefe. "Shekarar farko duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na ɗaga kai. Daga baya na yi fushi da ita ma, na ce in har za ta yarda da wannan a kaina, ta je. Nawa laifin ke nan. Ni ma da na sauke kai na je."

Na ce ta yafe mini. Kuka ya ci ƙarfina, ban taɓa yi a gaban mace ba sai ranar.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Haƙƙina na yafe, don ina so Allah ya yafe mini. Nata ba a hannuna yake ba. Amma akwai mai rai da ba ta sani ba. Yarinyar nan shekara shida in ta zo gaishe ni ba ta kawo 'ya'yanta, sai ta ce suna makaranta. Ka je ka gaya mata da bakinka."

Wannan ban taɓa lura da shi ba sai da ta faɗa.

Na je gidan 'yata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na faɗa mata komai, tun daga cokali har zuwa kunun hantsi, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, 'ya'yana uku, Inna ba ta taɓa goya ko ɗaya ba. Mama ce ta ce in riƙa kaffa-kaffa da su." Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna har aka kira la'asar ba ta fito ba, na sa takalmina na tafi.

Mijinta ya gaya mini washegari ta kwashi yaran duka ta tafi Gadaka, ta yi mako biyu. Yanzu kusan duk hutu can suke yi. Tana zuwa gaishe ni ranar Juma'a, ta durƙusa yadda ta saba, ta kawo abinci, ta tambayi jikina. Ba ta zama. Da sallar layya da ta wuce ta ajiye mini ƙullin alawa fara tas, ta ce ita da Inna suka ja. Na ce an gode, Allah ya yi albarka. Na ce ta zauna mana ta sha ruwa. Ta ce yara na jiranta.